Saki Ba Ya Sauke wa Uba Nauyin Ɗansa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Dakoro da ƙauyukanta, muna cikin watan neman lada, to mu fara da bashin da ke wuyanmu.

Mata da aka saki sukan zo zaurenmu da yaro goye, jikinsa zafi, ga takardar magani a hannu, uban ya ce babu ruwansa. Wannan zalunci ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ci da tufa gwargwadon hali. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, mace har ta tare. Wanda aka wajabta wa kiyaye ran yaro da hatsi, yaya zai bar shi ga zazzaɓin damina?

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin magani ga yaran da ba su kai shekara 5 ba. Amma in magani ya ƙare a likita sai an saya, ga kuɗin mota zuwa Maradi in ciwo ya tsananta, ga yaron da ya haura 5. Duk wannan na uba ne.

Kafin mu ɗinka rigar Salla, mu aika da haƙƙin ɗiyanmu. Wadda aka hana ta kai kuka ga sarki ko alƙali. Hindu matar Abu Sufyana ta kai nata ga Annabi (SAW), ya kuma ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta.

Allah ya karɓi azuminmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.