Sunanki Jarinki Ne: Jawabi Kan Bashin Da Ya Wuce Iyaka

Jawabin da baƙuwa mai jawabi ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Hajiya shugaba, iyayen ƙungiya, wakilin mai girma Hakimi, jami'in ƙungiyoyin gama-kai na ƙaramar hukuma, iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya ƙara mana shekaru masu albarka.

An ce in yi magana a kan bashi. Na san ranar murna ce, ga shinkafa tana jira, amma Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da zan tsaya a kai shi ne bashin da ya wuce iyaka, da tabon da yake bari a sunan mace a inda ba ta gani.

A da, shaidar mace a harkar kuɗi tana bakin mutane. Uwar adashi ta san wadda take kawo zubi ranar da aka ce, ta san wadda sai an aika yarinya sau uku. Mai awo ya san wadda zai ba kwano goma na gyaɗa ta biya bayan ta sayar da mai da ƙuliƙuli. Wadda ta ɓata a wannan gari, in ta koma wani, tana iya sake sabon lale. Yanzu kuwa akwai wani littafi da ba a ajiye shi a ɗakin kowa ba, kuma duk inda kika je yana biye da ke.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN, wadda aka ɗauki zanen yatsunmu da hotonmu kafin a ba mu. Lamba ɗaya ce ga mutum ɗaya, ko asusu nawa gare ki, ko a banki nawa. Sannan akwai kamfanoni uku masu lasisi da aikinsu shi ne tattara labarin bashin jama'a: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. A 2017 aka yi dokar da ta tsara aikinsu. Bankuna, manya da ƙanana, suna aika musu bayani: wance ta karɓi kaza, ta biya kaza, ta makara kwana kaza. In kika je neman rance, kafin a ce miki ƙala sai an duba can. Kamfanin CRC har maki yake bayarwa, daga 300 zuwa 850, mai maki da yawa ita ce abar amincewa.

To, ina maganar iyaka ta shigo? A birane, da ƙasashe irin su Amurka da Ingila, akwai katin bashi. Ya bambanta da katin ATM da muke kaiwa wurin mai POS. Namu kuɗinki yake fitarwa, wancan kuwa kuɗin banki kike kashewa, ki biya daga baya. Banki yakan yanka wa kowa iyaka, a ce naira dubu 100. Wadda ta zarce, ko dai katin ya ƙi aiki, ko a ci ta tara, kuma a rubuce za a ga abin da ake bin ta ya fi abin da aka yarje mata. Makinta sai ya faɗi, ko da ba ta taɓa ƙin biya ba. Kai, ko kusantar iyakar ma yana rage maki, shi ya sa masana a can suke ba da shawarar kada mutum ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na iyakarsa. Dalilinsu mai sauƙi ne: tulun da ya cika har baki, ƙaramin tuntuɓe ke zubar da shi.

Yawancinmu ba mu riƙe irin wannan kati ba, amma kowace a cikinmu tana da iyaka. Wadda ta taɓa rancen katin waya ta sani, ba a ba ta fiye da abin da aka ga tana iya sakawa. Ƙungiyoyin gama-kai da yawa ba sa ba mamba fiye da ninki biyu na ajiyarta. Ƙaramin banki ma da kaɗan yake farawa, in an biya lafiya a ƙara. Sai dai iyakar da ta fi duk waɗannan ita ce wadda sana'arki ta yanka miki, wato ribar da take kawowa.

Mu yi lissafi tare. A ce mace tana soya ƙuliƙuli, ribarta a mako naira 6,000. Ta karɓi rancen ƙungiya, tana biyan 2,000. Ta karɓi na ƙaramin banki, 2,500. Ɗanta ya karɓo mata na waya, 2,000. Ga zubin adashi 1,000. Nawa ke nan? Naira 7,500. Kowane mai ba da bashi ya ba ta daidai iyakarsa, amma da aka haɗa ta zarce tata da 1,500 duk mako, ba a ma yi maganar cefane da sabulu ba. Daga ina cikon zai fito? Daga jari. Gyaɗar da take saya kwano goma ta koma takwas, ta koma biyar, riba ta ƙara raguwa, sai a fara rance don a biya rance. Ranar da ta kasa, ba wuri ɗaya za ta kasa ba, duka huɗun ne.

A ƙasarmu ta nan abin ya fi tsanani. Daga Dambatta zuwa Makoda, daga Minjibir zuwa Bichi, gona a jikin gona take, babu inda za a ce an bar wa ƙasa hutu. Ɗan abin da maigida ya noma bai cika kai wa wata kakar ba, ga kuɗin taki duk damina. Sana'ar mace a cikin gida ce take cike giɓin. In jarin nan ya karye, tukunyar gidan ce ta karye.

Akwai kuma rashin dacewar lokaci. Ki ɗauki rancen da ake biya mako-mako ki sayi rago don kiwon Sallah: ragon nan wata huɗu ko biyar zai yi yana cin dusa da harawa bai kawo ko kwabo ba, mai karɓar kuɗi kuwa duk mako yana ƙofa. Haka wadda ta sayi wake ko gero da kaka ta ajiye tana jiran farashi ya tashi a Dawanau. Wata shekarar yakan tashi, wata shekarar ya faɗi, bashi kuwa bai san wannan ba. Kafin ki sa hannu, ki tambayi kanki: yaushe abin da zan saya zai fara kawo kuɗi, yaushe kuma za a fara bi na?

Me yake faruwa in an makara? A manyan bankuna, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ana sa shi cikin jerin basukan da suka lalace, ƙananan bankuna ma ba sa jira har haka. Labarin yakan je wurin kamfanonin nan, kuma doka ta ce su riƙe shi aƙalla shekara 6. Ko kin biya daga baya, za a ga kin biya, amma za a ga kin makara. Sannan tun ranar 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da ake kira GSI. A cikin takardun rance akwai wadda in kin sa mata hannu kin ba da izini, in kin kasa biya, a cire kuɗin daga duk wani asusu da ke ɗauke da BVN ɗinki, ko a wane banki yake. Ɗanki ya turo kuɗin magani daga Legas, kafin ki kai wurin mai POS an kwashe.

Mun ga wannan a aikace. Lokacin korona a 2020, bankin NIRSAL ya raba rancen tallafi, mutane da yawa suka ɗauka rabon gwamnati ne. Haka shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 don manoma. Duka biyun rance ne, kuma da wa'adi ya cika an nemi a biya. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Iyayena, ga wurin da nake roƙon a buɗe kunne. Kada ki ba kowa BVN ɗinki ko NIN, ko lambar da ake turowa a waya, don wai za a cike miki fom ɗin tallafi. In an karɓi bashi da lambarki, ke ake bi, ko sisi ba ki gani ba. Ko maigida ne ko ɗan cikinki ya ce a karɓo masa da sunanki, a zauna a yi magana cikin mutunci: nawa ne, wa zai biya, da me zai biya? Tsaya wa wata ma haka yake, in ta gaza kanki zai dawo. Manhajojin rance na waya kuwa, a 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasa, FCCPC, ta dira a kan wasunsu saboda tura wa dangin mai bashi saƙonnin cin mutunci, ta kuma sa dokar sai sun yi rajista. Ruwansu mai yawa ne, wa'adinsu gajere. Wadda take gudun riba, akwai bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, amma a sani su ma suna kai rahoton wanda bai biya ba.

Wadda ta riga ta shiga fa? Kada ta ɓuya, kada ta kashe waya. Ta je da ƙafarta tun kafin ranar biya ta ce ga halin da nake ciki, a sake tsara mini. Ta daina karɓar sabo. Ta fara kashe wanda ruwansa ya fi yawa. In ta gama biya, ta karɓi takardar shaidar kammalawa ta adana ta tare da rasit. Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin nan, in an ga kuskure a nemi gyara. 'Ya'yanmu masu karatu su taimaka mana da wannan.

Ga shugabanni kuma ina da roƙo uku. A tambayi duk mai neman rance abin da ake bin ta a waje, a asirce, ba a gaban taro ba. A daidaita ranar biya da irin sana'a, mai kiwo daban, mai fura daban. Kuma kada a ɗaga wa kowa iyaka don kunya ko dangantaka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, don haka littafin ma'aji ba rashin yarda ba ne. Kuɗin da ke asusun nan guminku ne, kuma in ƙungiya ta je neman jari a banki, da sunayenku za ta je. Kayan ɗaki da gara, a yi musu adashi tun da wuri, kada a ɗora su a kan rancen sana'a.

Allah ya rufa mana asiri, ya biya wa masu bashi, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya, ya mai da kowa gida lafiya.