Na'ibin da Bai San Raka'a Nawa Aka Yi Ba



Idan alwalar liman ta karye ana cikin salla, yakan jawo wani daga sahun farko ya ƙarasa da jama'a. An fi son ya jawo wanda aka tayar da sallar da shi, domin wanda ya shigo a makare mai yiwuwa bai san ko raka'a ta biyu ake ciki ko ta uku ba. Maganata ta yau ke nan, sai dai a kan akwatin ƙarfe mai suna rauta za mu yi ta.

Rauta ita ce na'urar da ke zaune a mararrabar hanyoyin intanet, duk saƙon da ya iso ta duba adireshinsa ta nuna masa hanya. 'Yar ƙaramar da ke shagonku ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, in ta cije sai a zare filogi a mayar. Manyan kuwa, irin na Cisco da Juniper da Huawei waɗanda bankuna da jami'o'i da kamfanonin waya ke saya, katin ƙwaƙwalwa biyu ake cusa musu. Ɗaya na jan ragama, ɗayan yana kunne yana jira. Shi ne na'ibi.

A tsohon tsarin Cisco mai suna RPR, na'ibin gyangyaɗi yake yi. In babban ya faɗi, sai ya wartsake ya sake tayar da komai, a ɓata mintoci. A wanda ya biyo baya, SSO, duk motsin da babban ya yi yana raɗa wa na'ibinsa, don haka yakan karɓa cikin daƙiƙoƙi, mai cire kuɗi a POS bai ma sani ba. Mai tallar na'ura nan yake tsayawa. Abin da ba ya faɗa shi ne, kowane kati da ma'ajiyarsa. Umarnin da ka rubuta yana tsallakawa da kansa, amma a yawancin waɗannan na'urori fayil ɗin da ka zuba a ma'ajiyar babban kati nan yake zama, sai ka kwafa da hannunka. A Juniper ma, shi kansa umarnin ba ya isa kati na biyu sai ka ce commit synchronize, ko ka saita na'urar ta riƙa yin haka kullum.

Ni ma ta taɓa ci da ni, a wata ma'aikata da ba zan kama sunanta ba. Da daddare na zuba sabuwar manhaja a babban kati, na rubuta cewa daga ita za a riƙa tashi, na kashe na kunna. Koriyar wuta ta kama, na ɗauki jakata na tafi gida ina jin kaina gwani. Ashe umarnin ya isa wurin na'ibi, fayil ɗin bai isa ba. Ya nema a ma'ajiyarsa ya rasa, ya tsaya cak. Makonni yana nan da 'yar wutarsa ruwan goro, ba wanda ya duƙa ya duba. Ranar da tsawar damina, irin tamu ta Jos, ta ƙone babban, muka waiwaya muka ga ba kowa a sahun farko.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan ban tsoro. Liman in ya yi mantuwa, mamu kan ce subhanallah. Na'ibin ƙarfe ba ya tasbihi: kuskuren da ka rubuta, kafin ka ɗage yatsa ya haddace shi. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, umarni guda da aka bayar wajen gyara ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin Facebook, sai shi da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan sa'a shida. Ba rashin na'urori ne ya kayar da su ba, lafiyayyun na'urori ne suka yi biyayya.

Sannan katunan nan biyu akwati ɗaya suke, ɗaki ɗaya, sau da yawa janareta ɗaya. Mu da muka ga Kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, muka ga ɗakin karatun Jami'ar Jos na Naraguta ya bi bayanta a Oktoban 2016, mun san wuta ba ta tambayar wane ne babba wane ne na'ibi. Shi ya sa nake ajiye kwafin umarni, da kwanan wata a jiki, a wani gini dabam.

Abin da nake yi yanzu, duk wata uku nakan nemi izini, in zaɓi daren Asabar, in gwada jerin fayilolin katunan biyu layi bayan layi, sannan in sauke babban da gangan ina kallon agogo. Oga yakan ce, "Injiniya, abin da ke aiki me ya sa za ka taɓa?" Nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, katin nan na biyu da ka biya kuɗinsa nake so in ga ko yana da rai."