Jimmy Carter, Sojan Ruwan da Ya Yaƙi Kurkunu

'Yan'uwa mazauna Doha. Ruwan da aka ajiye a gabanku daga teku aka janyo shi, injuna suka raba shi da gishiri. Mai shan irin wannan ruwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan darajar injiniya, shi ya sa na zaɓi yin magana a kan Jimmy Carter, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100. Duniya ta san shi shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. Ni a ganina, halin da ya koyo a aikin sojan ruwa ya fi wannan kujera amfanar talakan ƙasarmu.

Ya kammala makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1946, ya shiga jiragen da ke nitso a ƙarƙashin teku, daga baya Hyman Rickover ya ɗauke shi cikin shirinsa na jiragen nukiliya. Da tukunyar nukiliya ta Chalk River a Kanada ta lalace a Disambar 1952, yana cikin waɗanda aka tura kwance ta. Tururin gubar bai barin mutum ya wuce daƙiƙa 90 a ciki. Sai suka gina kwatankwacinta a waje, kowa ya maimaita aikinsa har hannu ya saba, sannan ya shiga ya kwance abin da aka ba shi ya fito. A 1953 mahaifinsa ya rasu, ya ajiye kaki ya koma garinsu Plains yana noman gyaɗa, matarsa Rosalynn tana riƙe masa littafin lissafi. Shekara 77 suka yi tare, da 'ya'ya 4.

To, ku dubi kurkunu da idon wannan mutum. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da magani. Mutum ya sha ruwan kududdufi, sai bayan kusan shekara tsutsar ta ɓullo a ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kullum kaɗan-kaɗan, makonni manomi na kwance gonarsa na cika da ciyawa. Zafi ya sa ya tsoma ƙafar a ruwa, tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, maƙwabci ya sha. Injiniya ya ga sarƙa, ya nemi inda za ta tsinke: a tace ruwa da ƙyalle, a hana mai ciwo shiga tafki, a ƙirga masu ciwon ƙauye-ƙauye kowane wata. Lokacin da Cibiyar Carter ta soma aikin a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke fama da shi a ƙasashe 21. Ƙidayar Nijeriya ta farko ta gano sama da 650,000. A 2008 aka ga mai ciwon na ƙarshe a ƙasar, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi.

Wani zai ce masu sa kai na ƙauyuka, da dagatai, da Janar Yakubu Gowon da ya zaga yana roƙon gwamnoni su haƙa rijiyoyi, su suka yi aikin. Gaskiya ne, kuma ba a yaba musu yadda ya kamata ba. Amma kurkunu ya daɗe a tafkunanmu, mutanen kirki kuma ba su taɓa ƙarewa a ƙauye ba. Abin da ya ƙaru a 1986 shi ne tsari da ƙidaya da naci. Wani kuma zai tuna mana cewa yarjejeniyar Camp David ta 1978, wadda Carter ya shiga tsakani aka ƙulla, ta bar Falasɗinawa a baya. Wannan ƙorafi yana da nauyi, ba zan rage masa ba, ko da yake littafin Carter na 2006 a kan Falasɗinu ya jawo masa baƙin jini a gida bai janye ba. Idan muka koma kan kurkunu, Carter ya yi fatan tsutsar ƙarshe ta riga shi mutuwa. Hakan bai yiwu ba: a 2023 mutum 14 suka kamu a duniya, yawancinsu a Chadi, inda cutar ta koma jikin karnuka.