Dillalin Haƙƙi: Darasi Daga Ingila Zuwa Jibiya



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin iyakar Jibiya, kan hanyar Maraɗi, ya san dillalin da kan tari baƙo, ya ce shi zai daidaita masa takardu. Irinsa ya ɓulla a Ingila, sanye da kwat.

Bankunan can sun daɗe suna liƙa wa masu cin rance wata inshora, wai ta biya musu bashi in ciwo ko rashin aiki ya auku, alhali da yawansu ba su nema ba. Bayan hukuncin kotu na 2011 aka duƙufa mayar da kuɗin, har suka haura fam biliyan 38. Nan fa kamfanonin karɓo haƙƙi suka yi caa, suna yankar rubu'in diyya ko fiye, a kan takardar da mutum zai iya aikawa da kansa kyauta. Wanda ake bi bashi kuwa, banki ya zabtare diyyar, kamfani kuma ya biyo shi neman lada. Sai a 2018 doka ta ƙayyade ladan kashi 20 cikin ɗari, ban da haraji.

Saboda haka, in banki ya zalunce ku, ku fara kai masa kuka da kanku, sa'an nan Babban Bankin Nijeriya. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.