Kiran gaggawa kyauta ne, to wa ke biya?

 

Hirarmu ta yau a kan tarho ce. Wani dattijo daga cikinku ya yi mini tambaya. Ɗansa yana aiki a Amurka. Ya gaya masa kowane wata akwai wani kuɗi da ake ƙara masa cikin takardar biyan tarho, an rubuta 911 a gabansa. Dattijon ya ce: «Malam, ba cutarsa ake yi ba?» Ga amsa.

Mene ne 911?

911 lamba ce ta neman agaji a Amurka. In gobara ta tashi, ko ɓarayi suka shigo, ko ciwo ya kada mutum, ita ake bugawa. An fara aiki da ita a 1968, a wani ƙaramin gari na jihar Alabama. A 1999 doka ta mai da ita lambar ƙasa baki ɗaya.

Wanda ya buga ba ya biyan ko tamma. Amma akwai ma'aikatan da ke amsa kira dare da rana. Akwai na'urorin da ke nuna inda mai kira yake. Waɗannan duka suna cin kuɗi. Ina za a samo su?

Kowane layi da nasa kaso

Dabararsu kamar asusun ƙauye ce. Kowa yana zuba kaɗan, ranar da masifa ta faɗa wa mutum guda, sai a agaje shi. Kamfanin tarho ne ke karɓar kuɗin wurin mai layi, ya miƙa wa hukuma.

Ba gwamnatin tarayya ke yanka kuɗin ba. Kowace jiha, wani lokaci kowane birni, da nasa farashi. A birnin Shikago, a 2018 aka kai shi dalar Amurka 5 a wata kan kowane layi, wato kusan jika 3 na kuɗinmu. Ku lura, dalarsu daban take da dalarmu ta tamma 5. A wurare da yawa kuɗin bai kai dalar Amurka 2 ba.

Layi ake ƙirgawa, ba mutum ba. Mai layi uku yakan biya sau uku. Mai sayen kati kamar mu ba ya da takardar wata. Shi kuwa, a jihohi da dama, wurin sayen katin ake cire nasa kason.

To layin intanet fa?

Da farko tarhon gida mai waya kaɗai ke biya. Daga baya salula ta shigo, aka sa ta ciki. Sannan aka samu tarhon da ke bi ta intanet, mai lamba irin ta kowane tarho. Da farko wasu masu irinsa sun buga 911 ba su samu agaji ba. Saboda haka a 2005 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta tilasta wa kamfanoninsa su haɗa shi da 911. A 2008 wata doka ta tabbatar wa jihohi ikon karɓar kuɗin kan irin wannan layi ma.

Tarhon intanet yana da wata matsala. Bai san inda yake ba, sai adireshin da mai shi ya rubuta. In mutum ya ƙaura bai sake adireshi ba, ana iya aika motar agaji tsohon gidansa. Mai ɗa a can ya tuna masa wannan.

Ina kuɗin ke zuwa?

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A 2020 abin da aka tara a Amurka ya wuce dalar Amurka miliyar 3. An samu jihohin da suka karkatar da wani sashe zuwa wasu ayyuka. Shi ya sa doka ta ɗora wa FCC ta bayar da rahoto ga majalisa kowace shekara, ta faɗi sunan jihar da ta yi haka. Wanda ya zuba a asusu yana da hakkin ya san inda kuɗinsa suka shiga.

Ke nan, Baba, ba cutar ɗanka ake yi ba. Kasonsa ne na asusun agaji.

Mu dawo gida

Mu ma muna da lambobinmu. A nan Nijar, 17 ta ƴan sanda ce, 18 ta masu kashe gobara. Albashinsu da motocinsu daga baitulmalin ƙasa suke fitowa, wato daga harajin da jama'a ke biya. Mai tafiya fatauci Katsina ko Kano ya riƙe 112, ita ce ta Nijeriya.

Ku riƙe abubuwa huɗu:

1. Rashin kati kada ya hana ka buga 17 ko 18. Kiran kyauta ne.

2. WhatsApp ba ya kiran lambobin gaggawa. Ka buga kai tsaye.

3. In an ɗauka, ka natsu. Faɗi sunan garinku, da hanyar da za a bi, da abin da ya faru.

4. A hana yara wasa da waɗannan lambobi. Mai kiran wasa yana toshe layi, alhali rumbun wani yana cin wuta.

Mun san masu kashe gobara a manyan birane suke, ƙauyuka da yawa kuwa suna nesa. Don haka kowa ya rubuta lambar likitan da ke kusa da shi, da ta mai motar da zai iya ɗaukar mai naƙuda cikin dare. Waɗannan lambobi ba kyauta ba ne, sai da kati. Kada a cinye katin ƙaf wajen gaishe-gaishe.

Yanzu kowa ya ɗauki alli. Rubuta 17, rubuta 18. In kun koma gida, ku koya wa wanda bai zo ba.

Allah ya kiyashe mu da masifa. Sai wani jiƙon.