Wa zai zana Dakoro ta gobe?

Duk ranar da hukumar garin Dakoro ta tashi sabunta tsarin yankan filaye, kada arha ta zama ma'aunin zaɓen kamfanin ƙwararrun da za a ba aikin. Dakoro gari ne na manoma da makiyaya. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta kare burtali da mashaya. Kamfanin da bai san waɗannan ba zai zana unguwa a kan hanyar shanu, ya bar mana rigima da shari'a.

Wasu za su ce aljihun hukuma bai da nauyi, kuma zama da masu unguwanni da ardo yana cin lokaci. Gaskiya ne. Amma rushe gidan da aka gina kan magudanar ruwa ya fi tsada nesa. Saboda haka a buɗe takara a fili, a duba ayyukan da kowane kamfani ya taɓa yi, a wajabta masa taka ƙasa da sauraron jama'a cikin Hausa da Fulfulde da Tamajak kafin ya zana layi ko ɗaya.