Ƙafa ta tsaya, amma sitiyari bai gagara ba

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau daga Rara za mu faro, can ƙaramar hukumar Rabah ta jihar Sakkwato. Ina da wani yaya, ɗan baffana, direba ne. Shekara da shekaru yana kwasar albasa da shinkafa daga Wurno da Goronyo zuwa cikin Sakkwato. Wata rana taya ta fashe masa, mota ta ƙwace ta wuntsila. Ya rayu, amma ƙashin bayansa ya karye, laka ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Da na je duba shi, sai ya ce min: "Ƙanena, ba ƙafar ce ta fi damuna ba. Da kowa 'direba' yake ce min, yanzu sai dai 'Allah sarki'." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Ita ta sa na shiga binciken abin da zan gaya muku yau.

Laka ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki. In ta yanke a tsakiyar baya ko ƙasa da haka, ƙafafu kan tsaya, amma hannuwa na nan da ƙarfinsu. Ido na gani, hankali na nan, sanin hanya bai tafi ko'ina ba. To me ya rage? Taka birki da totur. Shi ne aikin da ake mayar wa hannu.

Akwai wani ƙarfe na tafi-da-gidanka da aka ƙera don haka. Sanduna biyu ne haɗe da mariƙi ɗaya. Ɗaya a maƙala ta a birki, ɗayar a totur, a ɗaure da noti. A yawancinsu, in ka tura gaba ka taka birki ke nan, in ka jawo ko ka danna da babban yatsa mota ta ja. Hannu ɗaya na kan wannan, ɗayan na kan sitiyari, inda ake ƙara wani ɗan dunƙulen mariƙi don a iya juya shi da hannu guda. Cikin 'yan mintuna ake ɗaurawa, a cire, a sa a jaka. Ba a huda mota, ba a yanka komai, don haka ko ta aro ce za ka iya amfani da shi.

Amma fa a saurara, akwai sharuɗɗa.

Na farko, sai mota mai otomatik. Yawancin motocin haya na yankinmu masu kuloci ne, kuma hannu biyu ba za su ishi sitiyari da birki da kuloci da giya ba. Wannan shi ne babban tarnaƙin Yaya.

Na biyu, ba kowane rauni ba ne. Wanda lakarsa ta taɓu a wuya, sau da yawa yatsunsa ba sa damƙa sosai, shi kayan da yake buƙata daban ne. A fara ganin likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A tambayi likitocin gashin ƙashi kan ƙarfin hannu, da iya zama daram, da zaburar ƙafa, domin ƙafar da ba ta ji takan harba da kanta ta bugi ƙarfen.

Na uku, noti. Kun san hanyoyinmu da gargada. Abin da aka ɗaura da hannu yana iya kwancewa, kuma in na birki ya zame ana tsakiyar gudu, sai dai addu'a. Kafin kowace tafiya a girgiza shi, a gwada birki motar na tsaye. Na san masu waldarmu akwai basira, amma birki ba wurin gwaji ba ne. Wanda zai riƙa tuƙi kullum, gara a girka masa na dindindin wurin ƙwararre.

Na huɗu, jikinka. Wanda ba ya jin ƙafa ba zai san ƙarfe ya ƙona shi a zafin Sakkwato ba. Dogon zama kuma na kawo gyambo. A sa matashi mai laushi, a riƙa tsayawa ana ɗaga jiki.

Doka fa? A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, kuma a rukunan lasisin tuƙi na Najeriya akwai rukunin J, wanda aka ware musu. Ke nan ba alfarma za ka roƙa ba, haƙƙinka ne.

In kana shakka, ga Robert Wickens, ɗan tseren mota daga Kanada. A 2018 ya yi hatsarin da ya taɓa masa laka. A 2022 ya dawo tsere da motar da aka mayar wa birki da totur kan sitiyari, a 2023 kuma ya lashe kambun ajinsa a Amurka.

Shi kuwa Yaya, wani amininsa ya ara masa mota otomatik, yana koyo a fili bayan gari, da mutum a gefensa. Ranar farko da ya zagayo ya tsaya, wani yaro ya ɗaga murya ya ce, "Direba, a sauke ni tasha!" Yaya ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin hatsarin.

Idan akwai irinsa a gidanku ko unguwarku, ku karanta masa wannan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu a hanya. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.